Littafin Aikin Manhajar Lissafin Kirifto da Ladan Jingina a Legas

Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Yau muka tsayar da iyakar aikin. Manhajar littafin lissafi ce ga 'yan kasuwarmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba da ke riƙe da kirifto a walet fiye da ɗaya, wasunsu kuma sun jingina wani kaso suna karɓar lada. Tambaya uku za ta amsa: nawa mutum ya mallaka, nawa daga ciki zai iya taɓawa yau, nawa kuma jingina ta kawo masa, a dala da naira. Sarƙa huɗu, wato tsarin rajistar da ke ajiye tarihin hada-hadar kirifto, za mu fara da su: Ethereum, Tron, Cardano da Solana. Tron ta shigo ne saboda yawan USDT, tokin da aka ɗaura darajarsa da dala, da masu hada-hadar P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum, ke turawa a kanta.

Duk huɗun a kan tsarin jingina suke, wanda masu harkar ke kira sitekin. A Bitcoin, injin da ya fi ƙona wuta shi ya fi samun damar rubuta bulok, wato sabon shafin tiransifa da ake ɗorawa a kan sarƙa. A nan kuwa mai tantancewa yana ajiye kuɗinsa ne a matsayin jingina, nauyin ƙuri'arsa gwargwadon abin da ya ajiye ko aka wakilta masa, ana kuma biyansa lada idan ya yi aiki daidai. Ethereum ta koma wannan tsari ranar 15 ga Satumba, 2022. Sai dai kowace sarƙa da inda take ajiye ladan, da lokacin da take biya, da tsawon kwanakin da take riƙe kuɗi in an nemi cirewa. Wannan bambancin shi ne aikin namu, domin manhajar da ta karanta lamba ɗaya a walet ta ce "ga dukiyarka" ba ta faɗi gaskiya ba.

Doka ta farko, wadda ba za ta canza ba: manhajar karatu kawai take yi. Adireshin walet za ta karɓa. Babu akwatin da za a saka kalmomin sirri 12 ko 24, babu na mabuɗin sirri. Duk wanda ya riƙe waɗannan kalmomi ya riƙe kuɗin, don haka ba ma son su kusanci sabarmu ko da bisa kuskure.

Kayan aiki: ƙaramar kwamfuta ɗaya a Agege a kan inbata, rumbun bayanai na SQLite, da kamfanoni biyu masu ba da hanyar RPC, wato ƙofar da manhaja ke tambayar sarƙa bayanai, ga kowace sarƙa, in ɗaya ya tsaya a koma ɗayan.

Laraba, 11 ga Yuni, 2025

Mun dawo daga hutun Babbar Sallah da gyaran tushe. Gwajin farko ya tsaya cak a kan walet mai ETH goma da 'yan kai, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ethereum ba ta san ɗigon goma ba. ETH ɗaya wei ne 1,000,000,000,000,000,000, wato ɗaya da sifili 18. Babbar lambar da SQLite ke iya riƙewa a gurbin cikakkiyar lamba ita ce 9,223,372,036,854,775,807. Idan aka mayar da ita ETH, kusan 9.22 ke nan. Da jimilla ta wuce haka, sai SUM ta dawo da kuskure. Abin da ya fi muni shi ne a wasu hanyoyin lambar kan rikiɗe ta koma mai ɗigo a ɓoye, ta zubar da lambobin ƙarshe ba tare da wani gargaɗi ba. A ɓangaren JavaScript ma haka ne, lambar da ake amincewa da ita ba ta wuce 9,007,199,254,740,991 ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari na ETH ba ta kai ba.

Gyara: kowane adadi ana ajiye shi a matsayin rubutu, a mafi ƙanƙantar ma'aunin sarƙarsa, wato wei a Ethereum, lovelace a Cardano, lamport a Solana, sun a Tron. Ana tarawa da BigInt. Ba a saka ɗigo sai a lokacin nunawa a fuskar waya.

Yawan lambobin bayan ɗigo kuma daga kwantiragin kowane tokin, wato shirin da ke tafiyar da shi a kan sarƙa, za a karanto shi, ba daga sunansa ba. ADA da TRX 6 ne, SOL 9, ETH 18. USDT 6 ne a Ethereum da Tron da Solana, amma a BNB Smart Chain 18 ne. Ranar da muka ƙara wannan sarƙar, duk wanda ya rubuta "USDT 6 ne" a cikin lambar manhaja zai nuna wa mai dala goma cewa yana da tiriliyoyi.

Alhamis, 19 ga Yuni, 2025

Yaushe ne kuɗi ya shiga da gaske? Ɗan kasuwa ya saba da alat na banki: ya ji ƙarar waya, ya miƙa kaya. A sarƙa akwai tazara tsakanin ganin tiransifa a bulok da kulle ta yadda ba za ta koma baya ba, kuma littafinmu bai kamata ya rubuta da alƙalami abin da ke iya gogewa ba.

A Ethereum lokaci a yanke yake gurbi-gurbi, kowane gurbi daƙiƙa 12, gurbi 32 kuma su ne zango ɗaya, minti 6 da daƙiƙa 24. Masu tantancewa suna jefa ƙuri'a a kan bulok ɗin farkon kowane zango. Idan masu kashi biyu cikin uku na dukan ETH da aka jingina suka amince, zangon ya samu tabbaci na farko. Idan zangon da ke biye ma ya samu, na baya ya kullu. Saboda haka kulli na ɗaukar minti 13 zuwa sama kaɗan. Mayar da kullallen bulok baya yana buƙatar masu aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jinginar su yi ƙuri'a mai harshen damo, wadda za ta jawo a zaftare musu kuɗi. Wannan asarar ce ke tsaron kullin.

Tron kuwa manyan wakilai 27 ne ke rubuta bulok duk daƙiƙa 3, bulok yana daskarewa idan 19 daga cikinsu suka ɗora a kansa, kusan minti ɗaya. Solana na kullewa cikin daƙiƙa goma sha. Cardano ba ta da kulli na ƙuri'a irin wannan. Tsarinta mai suna Ouroboros yana ƙara ƙarfi ne da kowane bulok da ya hau, iyakar komawa bayansa bulok 2,160 ce, wato kusan awa 12 tunda ana samun bulok kusan duk daƙiƙa 20. A aikace ba a jira har haka, amma littafin ya san bambancin.

Abin da muka yi: kowace shigarwa tana da matsayi biyu, "an gani" da "ta kullu". A Ethereum da Solana muna tambaya da alamar finalized, a Tron muna karantawa daga daskararrun bulok, a Cardano mun zaɓi bulok 30 don nunawa da kore, mu ci gaba da sa ido har 2,160. Muna ajiye hash, wato lambar shaida, ta kowane bulok da ta wanda ya gabace shi. In sabon bulok ya zo bai haɗu da wanda muka ajiye ba, sarƙa ta sauya reshe ke nan, sai mu goge duk abin da bai kullu ba mu sake karantawa.

Kulli ma yana iya tsayawa. Ranakun 11 da 12 ga Mayu, 2023, Ethereum ta ci gaba da fitar da bulok amma kulli ya tsaya, na biyun ya haura awa guda. Don haka ba mu saka agogon minti 15 mu ce an gama ba, amsar sarƙar muke jira. Idan minti 30 ya wuce babu sabon kulli, manhajar za ta rubuta hakan a saman shafi.

Asabar, 28 ga Yuni, 2025

Ladan Ethereum ya ci mana mako guda. Mun ɗauka za mu same shi a jerin tiransifa. Babu shi a can.

Tun sabuntawar Shapella ta 12 ga Afrilu, 2023, ladan mai tantancewa yana sauka a adireshinsa ta wani fili na daban a cikin bulok mai suna withdrawals. Ba wanda ya tura shi, ba a biya masa kuɗin gas, wato kuɗin turawa, ba, ba shi da lambar tiransifa. Adadin kuma a gwei yake, mai sifili 9, sai an ninka da biliyan ɗaya kafin ya zama wei. Kowane bulok na ɗaukar cirewa 16, gurbi 7,200 ne a yini, iyaka 115,200 ke nan. Da yake masu tantancewa sun haura miliyan ɗaya, layi kan zagayo wa mutum bayan kwana tara ko kusa da haka. Mun ƙara mai karanta wannan fili, muna amfani da lambar jerin kowace cirewa don kada a ƙirga ta sau biyu.

Sabuntawar Pectra ta 7 ga Mayun bana ta ƙara wani reshe. Mai tantancewa da ya koma shaidar cirewa mai farawa da 0x02 yana iya tara har ETH 2,048, ladansa yana hawa kan jinginar maimakon ya sauko walet. Na 0x01 kuwa duk abin da ya haura ETH 32 ana share shi zuwa walet. Sai an duba nau'in shaidar kafin a san inda za a nemi ladan.

Gaskiyar magana, a cikin masu gwajinmu babu mai ETH 32. Abin da suke riƙe da shi stETH ne na Lido da rETH na Rocket Pool, tokin da ake ba wanda ya zuba ETH a tafkin jingina na haɗin gwiwa, su ma kowanne da halinsa. Adadin stETH yana ƙaruwa da kansa sau ɗaya a yini ba tare da wata tiransifa ba, domin abin da walet ke riƙewa hannun jari ne, adadin da ake gani kuma lissafi ne na rabon wannan hannun daga dukan ETH da ke tafkin. Saboda haka hannun jarin muke ajiyewa ta sharesOf, mu ɗauki darajarsa kullum, bambancin jiya da yau shi ne lada, bayan an cire abin da ya shiga ko ya fita. Lido ta riga ta cire kashi 10 cikin ɗari na ladan kafin ya iso. rETH da wstETH, wani nau'in stETH, akasin haka suke, adadinsu ba ya motsi, darajarsu a ETH ce ke hawa. Tura stETH kan bar wei ɗaya ko biyu a baya saboda rabon lamba. Mun bar wa mai daidaita lissafi sassaucin wei 2 a wannan tokin kaɗai.

Wani cikas: tambayar darajar hannun jari ta watan jiya na buƙatar nod, wato kwamfuta mai riƙe da kwafin sarƙa, mai ajiye tsohon tarihi. Nod na yau da kullum bulok 128 na baya-bayan nan yake riƙe halinsu, kusan minti 25. Daga yau muna ɗaukar darajar kullum mu ajiye da kanmu.

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Cardano. Wani Alhaji mai sayar da albasa a Mile 12, cikin masu gwaji, ya riƙe wayarsa a gaban buhuna yana nuna fuska biyu, ta walet ɗinsa da ta manhajarmu. "Malam, nan ta ce dubu ɗaya da wani abu, taku ta ce ɗari biyu. Ina sauran suka shiga?" Laifinmu ne, kuɗinsa na nan daram.

Walet ɗin Cardano ba adireshi ɗaya ba ne. Tsarin UTxO take bi, kamar mai biya da takardar dubu a ba shi canji: idan ka tura ADA 50 daga dunƙulen 800, ragowar kan dawo maka a matsayin sabon dunƙule, sau da yawa a wani adireshin naka. Adireshin da Alhaji ya ba mu ɗaya ne cikin da yawa. Abin da ya haɗa su shi ne mabuɗin jingina, mai adireshi da ke farawa da stake1. Yanzu duk adireshin addr1 da aka saka, manhajar tana ciro na jinginar daga cikinsa, ta tambayi duk abin da ke ƙarƙashinsa.

Dukiyar mai Cardano wuri uku take. Akwai dunƙulen da ke adireshin biya. Akwai ladan da ya taru a asusun lada, wanda ba ya shiga cikin kuɗin kashewa sai an cire shi, ko da yake yana ƙirguwa cikin jinginar tun yana can. Akwai kuma ADA 2 na ajiya da ake biya lokacin rajistar mabuɗin jingina, ana mayarwa in an soke rajistar. Da muna rubuta ADA 2 ɗin nan a matsayin kuɗin da aka kashe, yanzu ya koma layin "ajiya mai dawowa". Ranar da aka cire lada zuwa walet kuma ba sabon samu ba ne, an riga an ƙirga shi ranar da aka biya. Rashin kula da wannan ya sa gwajinmu na farko ya ninka ladan.

Jinkirin ladan farko shi ne abin da aka fi yi mana tambaya a kai. Zangon Cardano kwana 5 ne, yana juyawa wajen ƙarfe 10:45 na dare agogon Najeriya. Ka wakilta ADA ɗinka ga tafkin jingina a zango na ɗaya, a ɗauki hoton jingina a farkon na biyu, jinginarka ta yi aiki a na uku, a lissafa lada a na huɗu, a biya a farkon na biyar. Kwana 15 zuwa 20 ke nan. Mun saka layi mai nuna ranar da ake sa ran biyan farko, don kada mutum ya zaci tafkin ya cinye shi ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Zangon da ƙaramin tafki bai samu rubuta bulok ba kuwa ladansa sifili ne, ba matsalar manhaja ba ce.

Tun sabuntawar Plomin a Janairun bana, ba a cire lada sai an wakilta ƙuri'ar shugabanci ga wani DRep, wato wakilin masu ƙuri'a, ko an zaɓi ƙauracewa, ko rashin amincewa. Walet ɗin da bai yi haka ba muna saka masa gargaɗi. ADA ɗin da aka wakilta ba a kulle yake ba, Cardano kuma ba ta zaftare wa kowa.

Juma'a, 18 ga Yuli, 2025

Ruwan sama na kwana biyu, an ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare da asuba yayin da ake tsakiyar rubutu. Da saba ta tashi, shigarwa goma sha sun maimaitu. Gyara biyu: kowace shigarwa ta samu mabuɗi da ba ya maimaituwa, haɗin sunan sarƙa da hash da lambar jerinta a cikin tiransifa, sannan rubuta shigarwar bulok da matsar da alamar "inda aka tsaya" sun zama aiki ɗaya a rumbu, ko su shiga tare ko su faɗi tare. Mun kuma kunna WAL a SQLite, tsarin da ke fara rubuta sauyi a wani fayil na gefe kafin ya shiga rumbun. Kwafin rumbun yana fita zuwa wani wuri duk dare.

Litinin, 28 ga Yuli, 2025

A Solana SOL ɗin da aka jingina yana barin walet ya koma asusun jingina mai adireshinsa daban. Mai kallon walet kaɗai zai ga kamar an kwashe kuɗin. Muna nemo waɗannan asusai ta getProgramAccounts a kan shirin jingina, da tacewa a matsayi na 44 na bayanan asusun, inda adireshin mai ikon cirewa yake. A matsayi na 12 mai ikon wakiltawa ne. Na 44 muka ɗauka a matsayin mai dukiya, domin shi ne ke iya fitar da kuɗin. Ɗaya daga cikin kamfanonin RPC ɗinmu ya ƙi wannan tambayar saboda nauyinta, sai muka mayar da ita sau ɗaya a yini ta ɗayan, sauran lokaci asusan da muka riga muka sani muke dubawa.

Kowane asusu na riƙe da SOL 0.00228288 na hayar wuri, ba ya samun lada amma yana dawowa in an rufe asusun. Zango gurbi 432,000 ne, kwana biyu da 'yan kai. Jingina tana fara aiki ko ta saki a juyin zango, lada kuma yana hawa kan asusun da kansa. getInflationReward na ba da adadin kowane zango tare da kamashon mai tantancewa. Muna ajiye kamashon, in ya tashi daga zango zuwa zango mai walet ya samu saƙo.

Tron ta fi ruɗarwa, don jingina a can tana sayen abu biyu: ƙuri'a, da makamashi ko faɗin hanya na biyan kuɗin turawa. TRX ɗaya da aka daskarar ƙuri'a ɗaya ce, kuma wanda bai jefa ta ga wakili ba ba shi da lada. Ladan ba ya shigowa da kansa, nema ake yi, sau ɗaya cikin awa 24. Sakin jingina na ɗaukar kwana 14, bayan nan ma sai an cire. Saboda haka layi huɗu muke nunawa: na hannu, daskararre, mai jiran saki da ranarsa, da ladan da ba a karɓa ba. Wanda ya ara wa wani makamashinsa, TRX ɗin nasa ne har yanzu.

Kuɗin tura USDT ma mun gyara lissafinsa. In makamashi bai isa ba ana ƙona TRX, turawa zuwa adireshin da ba shi da USDT ko kaɗan na cin kusan ninki biyu, turawar da ta faɗi don ƙarancin makamashi kuma ta ci kuɗinta duk da ba ta isa ba. Da muna tsallake faɗaɗɗun tiransifa, shi ya sa TRX ɗin masu yawan turawa ya ƙi daidaita.

Laraba, 6 ga Agusta, 2025

Farashin naira. Akwai na hukuma da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa, akwai na 'yan canji, akwai na P2P, kuma ba kullum suke haɗuwa ba. Tun da Binance ta rufe hada-hadar naira a Maris ɗin 2024, babu wuri guda da kowa ke dubawa. Mun raba lissafin gida biyu: tokin zuwa dala daga CoinGecko, dala zuwa naira kuma mai walet ya zaɓi ma'auni, ko ya rubuta farashin da ya saya da hannunsa. Kowace shigarwa tana ajiye farashin da aka yi amfani da shi da inda ya fito.

Riba kuma dole a nuna ta fuska biyu. A ɗauki misali: mutum ya sayi ADA 1,000 a kan santi 60, dala tana naira 1,500, ya kashe naira 900,000. Daga baya ADA ta sauka santi 55, dala ta hau naira 1,650. A naira yana da 907,500, ribar 7,500. A dala ya yi asarar 50. Wanda zai sayo kaya daga Sin, lambar dala ce ta dame shi. Wanda zai biya haya a Agege, ta naira. Dukansu muke nunawa gefe da gefe.

Ba ma ɗaukar USDT ko USDC a matsayin dala ɗaya cur. A Maris ɗin 2023 USDC ta sauka ƙasa da santi 90 na ɗan lokaci, UST kuwa, wani tokin da aka ɗaura da dala, ta rushe gaba ɗaya a Mayun 2022. Farashinsu ma tambaya muke yi. Lokaci a UTC muke ajiye shi, Legas na gaba da awa ɗaya, don haka ladan ƙarfe 12:30 na dare a nan na ranar jiya ne a teburin farashi.

Alhamis, 21 ga Agusta, 2025

Tarihin wasu walet na Tron cike yake da shigarwar da masu su ba su yi ba: turawar USDT sifili, da tokin na bogi mai suna USDT, zuwa ko daga adireshin da haruffansa na farko da na ƙarshe suka yi kama da na abokin cinikinsu. Tarko ne. Macuci na jiran mai gaggawa ya kwafi adireshi daga tarihi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce gajarta adireshi da manhajoji ke yi, haruffa huɗu gaba huɗu baya. Tamu ma haka take yi.

Yanzu adireshin Tron mai haruffa 34 yana fitowa cikakke. Mun cire maɓallin kwafa daga shafin tarihi, sai daga jerin abokan cinikin da mutum ya ajiye da kansa. Ana gane tokin da adireshin kwantiraginsa, suna ba hujja ba ne. Duk wanda ba ya cikin jerin da muka tantance yana shiga shafin "baƙi", darajarsa sifili a jimilla, kuma sunan da ke ɗauke da adireshin intanet ba ya zama abin dannawa.

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Masu gwaji da yawa sun nemi shafin zakka. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kirifto da na ladan jingina, manhaja kuma ba ta ba da fatawa. Abin da za ta iya shi ne ta ba mutum lambobi masu tsabta da zai kai wa malaminsa. Yana saka ranar da shekararsa ke zagayowa a kalandar Hijira, mai kwana 354 ko 355, manhajar ta fitar da darajar abin da ya mallaka a ranar, ta kwatanta da nisabin zinariya na misƙali 20, kimanin giram 85, a farashin da shi ya saka, ta nuna kashi 2.5 cikin ɗari. Asalin kuɗi daban, lada daban, abin da ke kulle yana jiran saki daban, don shi ne abin da malami zai fara tambaya.

Wannan rarrabewar za ta yi amfani wajen haraji. Dokar kuɗi ta 2023 ta saka kadarorin dijital cikin harajin ribar kadara na kashi 10, dokar zuba jari ta 2025 ta sa su ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin bana kuma za su fara aiki a Janairun 2026. Fayil ɗin CSV da muke fitarwa yana da rana, sarƙa, nau'in shigarwa, adadi, farashin dala, farashin naira da hash, akawu ya yi lissafinsa bisa dokar da ke aiki.

Asabar, 13 ga Satumba, 2025

Mai daidaita lissafi yana gudana duk dare: a tara duk shigarwar littafi tun daga farko, a kwatanta da abin da sarƙa ta ce a kullallen bulok. Cardano, Solana da Tron suna daidaita har lamba ta ƙarshe a walet ɗin gwaji. Ethereum ta rage da giɓi iri ɗaya: ETH da kwantiragi ya turo daga cikin wata tiransifa, kamar wanda ke fitowa daga musaya a Uniswap ko daga layin cirewar Lido, ba ya bayyana a jerin tiransifa na sama kuma ba ya fitar da sanarwar Transfer. Sai da bin diddigin kiran ciki ake ganinsa, hanyar RPC ɗinmu ta kyauta kuma ba ta buɗe wannan ba. Kafin mu samu, manhajar na rubuta bambancin a layin "shigar da ba a gano tushenta ba", ba ta zuba shi cikin lada.

Kuɗin da ke hannun kamfanonin musaya bai shiga ba tukuna. Za mu karɓi mabuɗin API na karatu kaɗai, manhajar ta gwada izininsa, in yana da ikon ciniki ko cirewa ta ƙi ajiye shi. An kuma nemi mu ƙara Cosmos, mai jiran kwana 21 kafin saki da zaftarewar kashi 5 cikin ɗari idan mai tantancewa ya sa hannu sau biyu a bulok ɗaya, zaftarewar da ke shafar har waɗanda suka wakilta masa. Wannan na buƙatar sabon nau'in shigarwa, raguwar jingina ba tare da turawa ba, wanda rumbunmu bai da shi. Za a fara da sauya teburin ranar Litinin, a sake gina littafin walet ɗin gwaji daga bulok na farko a ga ko jimilla ta tsaya yadda take.